An sauya alteneta sau biyu, batir bai daina mutuwa ba: yadda ake gano matsalar caji da sake jan wayoyinta

Tambaya: Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005. Cikin 'yan watanni an sauya mini alteneta sau biyu, duka 'yan Kwatano, na kuma sayi sabon batir, amma har yanzu idan na yi tafiyar dare da fitilu da esi, washegari sai an ara mini batir kafin ta tashi. Fitilar batir ta dashbod tana kawowa tana ɗaukewa. Akwai wurin da babbar wayar alteneta ta taɓa ƙonewa aka yi mata haɗi. Mai riwaya ya cire kan batir injin yana aiki, motar ba ta mutu ba, sai ya ce caji lafiya lau yake. Ina matsalar take, kuma idan sake jan wayoyin ne mafita, yaya ake yinsa?

Amsa: Malam, kada ka sayi alteneta ta uku tukuna. Yana yiwuwa a yi rashin sa'a sau biyu a jere, musamman a kayan Kwatano da babu wanda ya san irin wahalar da suka sha kafin su iso hannunka, amma idan an sauya abu sau biyu ciwon bai sauya kama ba, hankali ya fi karkata ga abin da ba a taɓa ba, kuma kai da bakinka ka ambace shi, wato wayar da ta ƙone aka yi mata haɗi. Wutar caji tana fita ne daga babban notin da ke bayan alteneta, ta bi babbar waya zuwa akwatin fis da ke cikin bonet, ta ratsa babban fis ta shiga kan batir na fositif, sannan ta komo ta kan negetif, ta bi wayar bodi da jikin injin har ta dawo gangar jikin alteneta. Duk inda wannan hanya ta sami cikas, batir ba zai ƙoshi ba, ko da kuwa alteneta sabuwa ce fil daga kamfani.

Kafin komai, ina roƙonka ka hana a sake cire kan batir injin yana aiki. Wannan gwaji gadon zamanin da ne, lokacin da babu ƙwaƙwalwar lantarki a cikin mota. Batir shi ne yake shanye duk wani tsalle da wuta za ta yi, to idan aka fizge shi alteneta tana tsaka da turo amfiya masu yawa, maganaɗisun cikinta ba ya sauka nan take, sai ƙarfin wutar ya yi sama zuwa gomman bolt na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya lalata aisin alteneta, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutarta, ko dayod ɗinta masu sa wuta tafiya gefe ɗaya, ko ƙwaƙwalwar injin, ko dashbod ɗin kansa. Ga shi kuma gwajin ba ya faɗin gaskiya, domin wutar da injin yake buƙata don ya ci gaba da juyawa a silo ba ta kai rubu'in ƙarfin alteneta ba. Alteneta da ta mutu rabi tana iya riƙe injin a haka, amma da zarar an kunna fitilu da esi sai ta gaza, batir ya riƙa cike giɓin har ya ƙare.

Yana da kyau ka san abin da ke cikin alteneta a taƙaice, domin shi zai sa ka fahimci aune-aunen. A tsakiyarta akwai koyil mai juyawa wanda fanbel yake kaɗawa, kuma ba ya zama maganaɗisu sai an ba shi 'yar wuta ta hanyar kabon biyu da ke gogar zobba biyu na jan ƙarfe. Kewaye da shi akwai koyil uku da ba sa motsi, a cikinsu ake haifar da wutar, amma wuta ce mai kai-komo wadda batir ba ya karɓa, sai dayod, aƙalla guda shida, sun daidaita ta ta koma tafiya gefe ɗaya. Aisi kuma shi ne mai gadi: yana duba ƙarfin wutar, idan ta yi ƙasa ya ƙara wa koyil mai juyawa wuta, idan ta yi sama ya rage.

Kayan aikin da ake buƙata mita ce mai nuna lamba, irin wadda ake samu a kowace kasuwar kayan lantarki, da ƙwan gwaji, wato ƙaramin ƙwan fitila mai waya da ke kamawa idan akwai wuta a wurin da aka taɓa. A saita mita a kan 20 a ɓangaren V mai miƙaƙƙen layi. A cire agogo da zobe, a naɗe hannun riga, domin fanbel ba ya barin abin da ya kama, zobe kuma idan ya haɗa fositif da bodi yana yin ja kafin mutum ya iya cire shi.

A fara da batir, injin a kashe, bayan motar ta huta sa'o'i. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, idan ya nuna 12.2 to rabinsa ya tafi, idan kuwa ya sauka ƙasa da 12.0 kusan babu komai a cikinsa. Batirinka sabo ne, amma batirin da ya mutu sau da yawa yana tsufa cikin makonni, saboda haka a kai shi a yi masa cajin hankali har ya cika kafin a ci gaba. Kuskure ne a ɗora wa alteneta aikin tayar da mataccen batir, domin an yi ta ne don ta mayar da ɗan abin da kik ya ci ta kuma riƙe kayan mota, kuma tilasta mata yin aiki iya ƙarfinta na tsawon lokaci, a zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato da yake haura digiri 40 tun kafin a ƙara da zafin injin, yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona dayod. Idan batirin ya cika, a bar mita a kansa a yi kik. Bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. A duba fanbel ma, kada ya zama ya saki, ko ya yi sheƙi, ko mai ya jiƙa shi, domin fanbel mai zamewa yana yin kyau a silo sai an ɗora kaya yake sulluɓewa.

Yanzu a tayar da injin. A kan batir ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. Sai wani ya taka totur har allura ta tsaya a juyi 2000, a kunna manyan fitilu da esi da fankarsa a lamba ta ƙarshe, a sake karantawa. Idan lambar ta tsaya sama da 13.5, cajin yana isowa. Idan ta zame zuwa 13.0 ko ƙasa, a ɗauke tsinken mita ja a ɗora shi a kan babban notin bayan alteneta, mai alamar B, baƙin kuma a jikin alteneta ɗin kanta, duk kayan suna kunne. Wannan awo na biyu shi ne yake raba gardama. Idan a can ma 12 da ɗoriya aka gani, to alteneta ba ta bayarwa, sai a nemi dalili a soket ɗinta ko a cikinta. Idan kuwa a can an ga 14.5 ko 15 alhali batir yana samun 13, to alteneta tana aikinta, wutar ce take zubewa a hanya, kuma wannan ne nake kyautata zaton za ka tarar a motarka.

A nan zan daɗe, domin nan ne yawancin masu gyara suke wucewa. Abin da aka saba yi shi ne a sa mita a kan ƙara, a taɓa bakin waya biyu, idan ta yi kuka a ce waya lafiya take. Wannan yaudara ce, saboda mita tana tura wuta ƙanƙanuwa ce ƙwarai wadda sili ɗaya tak da ya rage a cikin waya zai iya ɗauka, alhali alteneta tana son tura amfiya 70 ko 80 ta wannan wuri. Ɗauki haɗin da turjiyarsa ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na om, ma'aunin yadda waya ke tare wuta, wato 0.01. Mitar kasuwa ba za ta nuna wannan ba ko kaɗan. Amma idan amfiya 70 suka bi ta cikinsa, bolt 0.7 ya tafi, kuma zafin da wurin yake fitarwa ya kai wat 49, kusan daidai da ƙwan fitilar gaba mai wat 55, duk a tattare a wuri ɗaya da bai fi kan yatsa ba, an kuma naɗe shi da baƙin salatif. Zafin yana sa jan ƙarfen ya yi baƙi, baƙin yana ƙara turjiya, turjiyar tana ƙara zafi, shi ya sa irin wannan haɗi yakan yi kamar lafiya da safe, sai an yi tafiyar awa ɗaya da dare ya nuna halinsa.

Hanyar kama shi ita ce a auna asarar wuta a hanya, injin yana juyi 2000, kaya duka a kunne. A ɗora tsinke ja a kan notin B, baƙi kuma a kan sandar dalma ta batir ta fositif, ita kanta sandar, ba maɗaurin da ke kanta ba. Mita za ta nuna bambancin da ke tsakanin wuraren biyu, wato abin da hanya ta cinye. Lafiyayyar hanya tana nuna 0.2 zuwa 0.3, abin da ya haura 0.5 kuwa ciwo ne. Idan an sami ciwon, sai a bi shi taki-taki: a bar tsinke ja inda yake, a riƙa matso da baƙin zuwa wajen alteneta, daga sandar batir zuwa maɗaurinta, daga nan zuwa ƙafar babban fis ta ɓangaren batir, zuwa ƙafarsa ta ɓangaren alteneta, zuwa bayan haɗin, zuwa gabansa. Duk inda lambar ta faɗi farat ɗaya, tsakanin wannan wuri da wanda aka baro nan ne matsalar take. Sau da yawa ma hannu yana riga mita sani, domin idan aka kashe injin aka shafa wayar, wurin da ya lalace yana da zafi fiye da sauran, robarsa ta yi tauri ko ta kumbura, idan aka yaye salatif kuma a tarar da sillolin sun yi baƙi ko kore, an murɗa su da hannu kawai, wasu sun kakkarye.

Sai ɓangaren dawowa, wanda aka fi mantawa da shi. A ɗora tsinke ɗaya a jikin alteneta, ɗayan a sandar batir ta negetif, injin yana juyi 2000, kaya duka a kunne. Bai kamata ya wuce 0.2 ba. Motar da aka taɓa sauke injinta ko giyarta sau da yawa ana mayarwa a manta da wayar da ke haɗa injin da bodi, ko a ɗaure ta a kan fenti, ko a bar notinta da sako-sako, sai wutar ta riƙa neman hanya ta ƙananan wayoyi da ba a yi su don wannan nauyi ba. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi, da ƙurar hunturu da ke haɗuwa da mai ta zama laka, suna ƙara cin waɗannan wurare.

Fitilar da take kawowa tana ɗaukewa tana nuna mini ƙaramin soket ɗin bayan alteneta. Alteneta ta Denso da ke cikin motocin Toyota na wannan zamani tana da ƙananan ƙafafu uku, wasu huɗu, kuma kowace da aikinta. Ƙafar IG tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, ita ce take tayar da aisi daga barci. Ƙafar S tana zuwa daga batir ta wani ƙaramin fis da aka rubuta wa ALT-S, da ita aisi yake sanin ainihin abin da batir yake samu. Ƙafar L ita ce ta fitilar dashbod. Ta huɗun, idan akwai ta, tana kai wa ƙwaƙwalwar mota labarin nauyin da ke kan alteneta. A cire soket ɗin injin a kashe, a auna ɓangaren mota. Makulli a kashe, ƙafa ɗaya ce kawai za ta nuna wutar batir, ita ce S. Makulli a kunne, IG da L za su kawo wuta, kuma ƙwan gwaji ne zai bambanta su, domin a kan IG zai kama sosai, a kan L kuwa zai yi dishi-dishi ko ya ƙi kamawa, fitilar batir ta dashbod kuma ta kama. Idan S ta yanke ko tana taɓawa tana saki, aisi yana kunna fitila ya koma dogara da abin da yake gani a notin B, kuma wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta. A girgiza soket ɗin da wayoyinsa injin yana aiki, wani yana kallon dashbod.

Akwai wani abu da nake so a duba da ido. Lokacin da babbar wayar ta ƙone, da wuya ƙananan da ke kusa da ita su tsira, kuma gajeriyar hanyar da ake yawan bi ita ce a ɗauko ɗan guntun waya a haɗa S da notin B a nan bayan alteneta. Motar za ta yi caji, fitila za ta mutu, amma an rufe wa aisi ido ke nan, domin yanzu yana ganin 14.2 a bakin ƙofarsa yana zaton komai daidai ne, bai san batir 13 yake samu ba. Idan S tana wurinta na asali, aisi yana ƙara ƙoƙari don ya cike abin da hanya ta ci, har sai abin ya fi ƙarfinsa. Haka kuma idan aka haɗa IG kai tsaye da batir, aisi ba ya barci, yana shan batir dare da rana.

Sauya alteneta da 'yar Kwatano yana da nasa tarko. Soket yana iya shiga daidai amma jerin ƙafafun ya bambanta, domin alteneta ta Honda, alal misali, ita ma Denso ce sau da yawa, kuma tana da soket mai kama da wannan, sai dai a maimakon S tana da ƙafar da ƙwaƙwalwar mota take ba ta umarni da ita. A karanta haruffan da ke jikin takardar alteneta ko murfin bayanta, a tabbatar sun dace da na motar. Wanda yake da tsohuwar Golf ko tsohuwar Marsandi kuma ya sani tsarinsu daban ne. A irin waɗannan, ƙaramar waya ɗaya ce mai alamar D+, kuma wutar farko da ke tayar da maganaɗisu ta hanyar fitilar dashbod take biyowa, saboda haka idan wannan hanya ta yanke, motar ba za ta fara caji ba sai an taka totur sosai, wani lokaci ma ba za ta fara ba sam. Wanda ya cire ƙwan asali ya sa na LED a tsohuwar mota irin wannan ya jawo wa kansa wannan matsala, domin LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce.

Idan hanya ta yi kyau, soket ya yi kyau, amma notin B bai kai 13.5 ba, to yanzu ne laifin ya tabbata a kan alteneta, kuma ko a nan ba dole ne a jefar da ita ba. A mayar da mita ɓangaren V mai lanƙwasasshen layi a auna tsakanin B da jikin alteneta, kaya a kunne. Idan ya kai rabin bolt akwai dayod da ya mutu, kuma irin wannan alteneta takan yi wani kuka siriri mai bin juyin injin. Wasu ƙananan mitoci suna ba da lambar banza a wannan awo, sai a gwada mitar a wata lafiyayyar mota tukuna. Idan aka buɗe alteneta, a duba tsawon kabon, wanda sabonsa yake kusan milimita 10, a duba zobban ko sun yi kwari, a auna koyil mai juyawa tsakanin zobba biyu a sami om 2 zuwa 4, kuma kada a sami wata alaƙa tsakanin zobe da ƙarfen jikinsa. Kabon da aisi da dayod da boris duk ana sayar da su daban, kuma alteneta ta asali da aka gyara da kaya masu kyau ta fi mini wadda ba a san tarihinta ba.

Tunda da safe ne motar take ƙin tashi, a yi awon dare ma. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire kan negetif, a mayar da mita ɓangaren amfiya 10 a sa ta tsakanin sandar batir da wayar da aka cire, a jira mintuna kaɗan kayan lantarki su kwanta. Kada a yi kik mita tana haka. Abin da ya dace bai wuce 0.05 ba. Idan an ga rabin amfiya ko fiye, a cire soket ɗin alteneta a gani, sannan a raba mita da batir, a kwance wayar B a naɗe bakinta, a sake aunawa. Idan lambar ta faɗi, dayod ne yake yoyo yana mayar da wutar batir cikin alteneta. Idan ba ta faɗi ba, a bi fis ɗaya bayan ɗaya, a fara da abubuwan da aka ƙara wa motar daga baya, kamar rediyo da na'urar tsaro.

Yanzu ga sake jan wayoyin. A fara da cire kan negetif, shi ne kuma na ƙarshen mayarwa, domin notin B yana da wuta ko da makulli yana aljihu, kuma sufana da ta haɗa shi da jikin injin walda za ta yi. Ra'ayina a kan babbar waya ɗaya ne: ba a yi mata haɗi a tsakiya, ana sauya ta ne gaba ɗaya daga notin B zuwa akwatin fis, yadda kamfani ya ja ta. Kaurinta kada ya gaza milimita murabba'i 10, kuma na fi son 16, wadda masu sayarwa suke kira 16mm. Lissafin a bayyane yake: mita ɗaya da rabi ta jan ƙarfe mai kauri 16 tana cin kusan bolt 0.13 idan amfiya 80 suna wucewa, mai kauri 4 kuwa tana cin fiye da rabin bolt, tana kuma fitar da zafin da ya haura wat 40. A nemi waya mai laushi mai silloli da yawa, irin ta walda ko ta batir, kada a sa wayar gida mai tauri, domin girgizar injin tana karya ta. A yi hattara da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa. Robarta tana da kauri, amma ba ta da nauyi a hannu, idan aka kankare sili da wuƙa sai fari ya bayyana, kuma alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka.

Bakin wayar biyu a sa musu kan jan ƙarfe mai huda daidai da notin, a matse shi da abin matsewa na gaske har sai an ja da ƙarfi bai zare ba. Bugu da guduma a kan dutse ba ya matse sillolin ko'ina. Dalma kaɗai ba ta isa riƙo a wurin da yake zafi ba, kuma idan ta bi cikin wayar ta sandare ta, a nan wayar za ta karye daga baya. A rufe wuyan da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, a sa wayar cikin bututun roba, a ɗaure ta nesa da salansa da fanbel da duk wani kaifin ƙarfe, a kuma bar mata ɗan sassauci tsakanin injin da bodi, saboda injin yana motsi a kan kujerunsa. Notin B a ɗaure shi ya kama sosai ba tare da an murɗe sandar ba, domin a cikin alteneta take haɗe da farantin dayod, sannan a mayar da hular robarsa.

Babban fis, wanda a irin motarka aka rubuta masa ALT, yawanci mai amfiya 100 ne ko 120, kuma lambar tana rubuce a murfin akwatin. Da noti aka ɗaure ƙafafunsa daga ƙasa, saboda haka ba a fizgarsa da filaya, sai an kwance akwatin. Idan aka tarar an maye gurbinsa da waya, a cire ta a sa fis na gaske mai lambar asali. Aikin wannan fis shi ne ya yanke wutar batir ranar da babbar waya ta goge ta taɓa bodi, domin batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wannan wuri, kuma gobarar cikin bonet tana iya farawa daga irin haka. Idan akwatin ya narke har ba za a iya ɗaure sabuwar waya a cikinsa ba, mafi kyau a sauya akwatin. Idan dole ta sa aka ja wayar kai tsaye zuwa batir, to a sa mata nata fis mai wannan lamba dab da kan batir, a kuma cire tsohuwar daga bakinta biyu, kada a bar ta tana lilo da wuta a jikinta.

Wayar bodi a yi mata kauri ɗaya da babbar waya, daga negetif zuwa bodi, daga negetif ko bodi zuwa jikin injin. A goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, sannan a shafa ɗan giris a sama don tsatsa. Kawunan batir a wanke farin garin da ke kansu da ruwan zafi, a goge cikin maɗaurin, idan kuma maɗaurin ya buɗe har ana cusa masa kusa ko guntun waya don ya kama, a sauya shi. Ƙananan wayoyin soket ba sa ɗaukar nauyi, mai kauri 0.75 ko 1 ta wadatar, amma kowace ta koma inda ta fito: S zuwa fis ɗinta, IG zuwa layin da ke mutuwa idan an kashe makulli, L zuwa dashbod. Soket ɗin da ya ƙone ko haƙoransa suka buɗe a yanko wani mai wutsiyar waya a haɗa da kyau, kada a cusa tsirarar waya a kan ƙafafun alteneta.

Wanda motarsa ta fi wannan sabunta ya lura da cewa a motoci da yawa na baya-bayan nan ƙwaƙwalwar mota ce take juya alteneta, tana iya sauke cajin zuwa kusan 12.5 da gangan idan batir ya cika kuma babu kaya a kunne, don rage shan mai. A irin waɗannan a kunna fitilu kafin a yanke hukunci, kuma kada a yi wa soket ɗinsu dabarar haɗe-haɗe ko kaɗan.

Bayan an gama, a maimaita aune-aunen da aka yi tun farko, da cikakken batir. Makulli a kunne fitilar batir ta kama, injin ya tashi ta mutu. A juyi 2000 da fitilu da esi, batir ya tsaya sama da 13.5, asarar ɓangaren fositif kada ta wuce 0.3, ta negetif kada ta wuce 0.2. A bar injin ya yi aiki da kayan kamar minti ashirin, a kashe, a shafa kowane bakin waya da ƙafafun fis. Ɗumi babu laifi, amma wurin da ya fi maƙwabtansa zafi a sake kwance shi a gyara. Idan lambobin nan sun fito daidai da alteneta da ke jikin motar yanzu, a bar ta a wurinta, sai dai a kai batirin a gwada shi da na'urar ɗora nauyi, domin mutuwar da ya yi ta yi a 'yan watannin nan tana iya zama ta riga ta rage masa ƙarfi. Bayan mako guda na tafiya kuma a sake bin notocin da sufana, kan negetif a cire, saboda sabon kan waya yakan ɗan zauna bayan ya sha zafi da sanyi.